Tsohuwar kwamfuta a Lolo: wace Linux ce za ta riƙe ta?

Ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya janye tallafi daga Windows 10. A gari irin Lolo, a ƙaramar hukumar Bagudo, inda hanya ke tsallakawa zuwa Madekali da Malanbil a Jamhuriyar Benin, batun ya shafi aljihu kai tsaye. Kwamfutar shagon buga takardu ko ta ɗalibi mai shirin JAMB akasari 'yar gwanjo ce, Windows 11 kuma tana neman guntun tsaro na TPM 2.0 wanda tsofaffin na'urori da dama ba su da shi. Ko dai a sayi sabuwa, ko a zauna ba kariya, ko a koma Linux, wadda kyauta ce.

To, amma Linux iri-iri ce, kuma a nan ake tuntuɓe. Ubuntu na fitar da sabon zubi duk wata shida, yawancinsu wata tara kawai ake kula da su. Mai dogon zango, LTS, sai bayan shekara biyu yake fitowa, ana gyara shi shekara biyar: na 24.04 zai kai 2029, haka Linux Mint 22 da aka ɗora a kansa. Mutumin Legas ba zai damu da bambancin ba. Na Lolo dole ya damu, domin faifan girka Ubuntu 24.04 ya kai wajen gigabait 6, ga wutar da ba ta da tabbas, ga hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a kuɗin kira da data a Janairun 2025. Wutar da ta ɗauke ana tsakiyar sauya zubi na iya hana na'ura tashi.

Mai tsohuwar na'ura ƙwarai ya lura: Debian 13 ta 2025, wadda ita ma Linux ce, ta daina ba da faifan girkawa ga na'urori masu bit 32.

Akwai asara a komawa Linux. CorelDRAW, da ake tsara katin biki da shi, ba shi da zubin Linux, wasu firintoci kan yi gardama, kuma masu gyara sun fi sabawa da Windows. Wanda abincinsa ke kan zane ya dakata tukuna. Amma ga mai buga wasiƙa, cike fom da shiga intanet, Mint 22 mai fuskar Xfce ta wadatar. Mutum ɗaya ya sauke ta a filashi, sauran su kwafa.