GLUT4: Ɗan Dakon Sukari a Jikin Ɗan'adam

Duk tuwon da mutum ya ci, hanji yakan narkar da shi ya zama wani nau'in sukari da ake kira gulukos, wanda jini ke ɗauka ya zagaya da shi ko'ina. To amma kowace ƙwayar halitta tana lulluɓe da tantani mai maiƙo, gulukos kuwa ba ya iya ratsa maiƙo. Sai an sami mai shigar da shi.

Wannan aiki na wasu furotin ne da masana ke yi wa laƙabi da GLUT. Wanda ya fi jan hankalin likitoci shi ne GLUT4, da ke cikin tsoka da kitse, wanda David James da abokan aikinsa suka bayyana a 1988. Halinsa daban yake da na 'yan'uwansa. Ba ya zama a bakin ƙofa. Yawancinsa yana ɓoye ne cikin wasu 'yan jakunkuna a can cikin ƙwayar. Da zarar an ci abinci, sai fankiriyas, wato wata halitta da ke bayan tumbi, ta saki sinadarin insulin. Shi kuwa insulin ba ya ɗaukar sukari ko kaɗan. Sallama kawai yake yi a bakin tantani, saƙo ya shiga ciki, jakunkunan su taso su manne da tantanin, 'yan dako su kama aiki. Cikin 'yan mintoci sukari ya fara kwarara cikin tsoka.

A nan ne ciwon sukari nau'i na biyu ke yin ɓarnarsa. Abin mamaki, bincike ya nuna cewa yawan GLUT4 a tsokar majiyyaci bai cika raguwa ba. 'Yan dakon suna nan, kiran ne ba ya isa gare su yadda ya kamata. Sai sukari ya taru cikin jini, sannu a hankali yana lalata ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa. Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta cewa manya miliyan 537 ne ke fama da ciwon a 2021, mafi yawansu nau'i na biyu.

Sai dai tsoka tana da wata hanyar kira. Idan tana motsi, ko a gona ko a kan keke, takan fito da GLUT4 bakin tantani ba tare da ta jira insulin ba, kuma wannan hanya tana aiki har a jikin majiyyaci. Dalili ke nan da likita ke cewa a taka ƙafa bayan cin abinci.