Ƙarfin Gwiwa a Bakin Filin Ƙwallon Garki

In an idar da la'asar, rana ta yi sanyi, samarin Garki sukan hallara a fili, wasu da takalmin ƙwallo, wasu ƙafa a ƙasa, ƙura na tashi. Ni dai wanda ya fi ɗaukar hankalina shi ne wani saurayi da ke zama a kan babur ɗinsa a gefe, yana bin ƙwallo da ido. Bara yana cikin gudu ya zo juyawa, ƙafa ta kafe a rairayi, jiki ya murɗe, ya ji wani abu ya ce ɗas a cikin gwiwa. Kafin magariba ta kumbura suntum.

Wurin mai ɗori aka fara kai shi, kamar yadda aka saba. Mai ɗori ya san karaya, ya san targaɗe, amma wannan jijiya ce da ke can cikin gaɓa, wadda ke riƙe ƙashin ƙwauri kada ya zame gaba, kuma in ta tsinke ba ta cika haɗewa da kanta ba. Daga ƙarshe sai Kano, Asibitin Ƙashi na Dala, aka yi aiki, aka shiga watannin gashin ƙashi.

Yau wata goma ke nan. Kumburi ya saɓe, naman cinya ya dawo. Likitan gashin ƙashi ya sa shi tsalle da ƙafa ɗaya, ya auna, ya tarar mai ciwon ta kai kashi 90 cikin ɗari na lafiyayyar, abin da akan nema ke nan kafin a ce mutum ya koma wasa. Duk da haka bai taka fili ba. In ka ce masa, "Yaya jiki?" sai ya ce, "Da sauƙi, Yaya, alhamdu lillahi."

Tun fil azal Bahaushe a gwiwa ya ajiye zuciya. Wanda ya samu ƙwarin rai ya samu ƙarfin gwiwa, wanda ya karaya gwiwarsa ta yi sanyi. Likitoci sun daɗe suna auna gwiwar nama da ƙashi kafin su waiwayi wannan ta biyun. A 2008 ne Kate Webster da abokan aikinta a Jami'ar La Trobe da ke Melbon, a Ostareliya, suka fitar da ma'aunin ACL-RSI don masu raunin wannan jijiya: tambayoyi 12 kan fargaba, da yarda da gwiwa, da yadda mutum ke hango haɗarin sake jin ciwo. Maki yana tashi daga sifili zuwa 100, kuma a 2018 aka taƙaita shi zuwa tambayoyi 6. Dalilin yin sa a fili yake. Nazarin da Clare Ardern ta jagoranta a 2014 ya nuna cewa bayan aikin jijiyar, kashi 81 cikin ɗari suna komawa wani wasa, amma 65 kawai ke kai matsayinsu na da, 55 kuma ke komawa gasa. Tsoron maimaita rauni yana sahun gaba cikin dalilan da suke bayarwa.

Sai dai takarda irin wannan ba za ta yi aiki a Garki yadda take yi a Melbon ba, sai an yi mata dabara. Namiji a nan ba ya buɗe baki ya ce yana tsoro, balle a gaban likita, balle mahaifinsa na tsaye. "Da sauƙi" ladabi ne da godiya ga Allah, ba a auna lafiya da shi. Kuma gwiwar mutumin Garki ba ta ƙwallo kaɗai ba ce. Da ita yake durƙusawa noman gero, da ita yake tashi da buhun riɗi a kafaɗa, da ita yake sujada da zaman tahiya sau biyar a rana. Ina ganin tambayar da ta fi tono gaskiya ita ce: har yanzu a zaune kake salla? In za ka sauka daga babur, da wace ƙafa kake fara dira? Irin waɗannan mutum yakan amsa ba tare da jin an taɓa mutuncinsa ba, a kan tabarma, ba kowa kusa.

A gida ma ana ƙara masa sanyin gwiwa, cikin ƙauna. Inna takan ce, "Ka haƙura da ƙwallon nan, ɗana, tsautsayi ba ya wuce ranarsa." Abokai kuwa suna ta zuga shi ya shigo haka nan. Tsakanin su biyun akwai abin da masu gashi ke yi: gudu a miƙe tukuna, sai juyi a hankali, sai atisaye ba gwabzawa, kowane mataki sai zuciya ta kwanta da shi kafin na gaba.

Jiya ƙwallo ta gangaro har gindin babur ɗinsa. Ya sauko, ya tare ta da lafiyayyar ƙafar, ya ɗan tsaya, sannan ya gyara tsayuwa ya mayar musu da ɗayar.