Tako Mai Kumburi: Me Ya Sa Garin Tuwonmu Ya Ƙi Yin Sa?

Duk wanda ya bi ta bakin kasuwar Ƙofar Wambai da la'asar ya san ƙamshin suya: awara, ƙosai, fanke, ga samosa in azumi ya kama. To, a wannan makon za mu leƙa kaskon wasu mutane can nesa, a birnin San Antoniyo na jihar Teksas a Amurka. Suna da wata suya da suke tinƙaho da ita kamar yadda Bakano yake tinƙaho da gurasa.

Shi tako abincin mutanen Meziko ne. Ana yin wata 'yar waina siririya ta masara, faɗinta bai wuce tafin hannu ba, sunanta totiya. Sai a zuba nama ko wake a tsakiya, a ninke, a ci da hannu. Teksas kuwa yankin Meziko ce har zuwa 1836, shi ya sa girkin Meziko ya zauna daram a San Antoniyo.

A Meziko, in za a soya tako, sai an fara gasa totiyar. Daga nan a zuba nama, a naɗe, a soke da tsinke, a jefa a mai har ya yi ƙarau. Dogayen ana ce musu flauta, wato sarewa. 'Yan San Antoniyo ba haka suke yi ba. Ɗanyen kwaɓin suke daddannawa ya yi faifai, su jefa shi a mai ba gashi ba komai. Nan take sai ya kumbura. Mai suya ya sa cokali ya danna tsakiyarsa, gefe da gefe su tashi, ya zama kamar ɗan kwalekwale. Bai cika minti ɗaya a wuta ba. A tsame shi, a zuba niƙaƙƙen nama, latas, tumatir da cuku. Bayansa ƙarau, cikinsa laushi, kuma ba ya jira: in ya huce sai ya saki. Gidajen abinci biyu na wasu 'yan'uwa, Ray da Henry Lopez, su suka fi yin suna a kansa: Ray's Drive Inn da aka buɗe a 1956, da Henry's Puffy Tacos a 1978.

'Yan ajin kimiyya, ga naku. Ba yis a kwaɓin nan, ba bakar hoda. Ruwan da ke cikinsa ne yake aikin. Zafin man ya kai kusan digiri 190, ruwa kuwa a 100 yake tafasa. Da ya zama tururi, girmansa yakan ninka kusan sau 1,700. Bayan kwaɓin ya riga ya soyu ya rufe ƙofa, tururi ya rasa hanyar fita, sai ya tura sama da ƙasa.

Ni dai da na fahimci haka na ce ai abu mai sauƙi ne. Na ɗebi garin tuwon masara a gida, na kwaɓa, na jefa a mai. Kafin in ɗauko matsami ya watse ya zama tsaki-tsaki, man Umma ya yi baƙi, na sha faɗa.

Ashe ba laifin hannuna ba ne. Masara ba ta da danƙon da alkama take da shi, don haka garinta ba ya kama jikinsa. Mutanen Meziko, waɗanda a ƙasarsu aka fara noman masara kimanin shekara 9,000 da suka wuce, sun daɗe da gano maganin wannan. Sukan dafa ƙwayar masara a ruwan toka ko ruwan ƙonanniyar farar ƙasa, su bar ta ta kwana a ciki, da safe su wanke dusar, su niƙa ta da danshinta. Kwaɓin da ya fito yana da danƙo da ƙamshi na daban. Ku ji abin mamaki: sunan kwaɓin a harshen Sifaniyanci "masa". Kada wani ya je ya ce daga wurinmu suka ara. A harshensu ma'anar kalmar kwaɓi ce kawai, sunan ne ya zo ɗaya.

Amfanin jiƙon bai tsaya a danƙo ba. A cikin masara akwai sinadarin nayasin, wato bitamin B3, amma a ɗaure yake, jiki ba ya iya cin moriyarsa sosai. Ruwan tokar ne yake kwance shi. Da Turawa suka kwashi irin masara bayan 1492 suka yaɗa shi a duniya, har ya iso Afirka ta Yamma, irin kawai suka ɗauka, dabarar jiƙon suka baro. Talakawan da suka koma cin masara safe da dare sai wata cuta ta kama su, ana ce mata felagra: fata ta yi baƙi ta tsattsage a inda rana ke duka, ga gudawa, ga rikicewar tunani. Wani likita a Sifaniya, Gaspar Casal, shi ya fara bayyana ta a 1735. A kudancin Amurka ta kashe kimanin mutum 100,000 tsakanin 1906 da 1940.

Mu ma ba ma yi wa masararmu wannan jiƙon. Abin da yake rufa mana asiri shi ne abokan tafiyar tuwon: gyaɗa, wake, kifi da ɗan nama, duk suna da nayasin. Saboda haka wanda ya saba tsince waken da ke cikin abincinsa yana turewa gefe, ko yake raina ƙuliƙuli, ya sake tunani, musamman yanzu da tsada ta sa nama ya yi wuyar gani a tukwane da yawa.

Ruwan toka dai ba baƙo ba ne a madafar kakanninmu, suna tace shi su sa a miya. Mun roƙi malamar girki ta ba mu kasko da murhu ranar Alhamis bayan tashi, mu jiƙa mudu ɗaya mu gani ko zai kumbura. Mai ƙanwa ko yayar da ta iya markaɗe a dutsen niƙa, ya sanar da mu kafin Laraba.