Yadda ake haɗa ƙaramin gem na babur: darasi daga Elasto Mania

A shekarar 2000 wani ɗan ƙasar Hangari mai suna Balázs Rózsa ya fitar da gem ɗin Elasto Mania, bayan ya fara gwada irinsa da Action SuperCross a 1997. Gem ne na 2D, wato ana kallon babur daga gefe, gaba da baya da sama da ƙasa kawai. Mai wasa zai tsinci tuffa a hanya, sannan ya taɓa fure. Zanensa ba wani abin a zo a gani ba ne, amma har yau ana buga shi. Abin da ya riƙe mutane shi ne yadda babur ɗin yake motsi, kuma a nan ya kamata mai koyo ya zuba ƙarfinsa.

A cikin kwamfuta, babur abu uku ne: taya biyu da gangar jiki. Kowace taya an ɗaure ta da jikin ta hanyar sifirin. Idan aka danna totur, manhajar ba ta tura babur gaba kai tsaye. Tayar baya take juyawa, tayar ta kama ƙasa, sai babur ya tafi. Shi ya sa gaba yake ɗagawa idan an ba da wuta da yawa a kan tudu. A Elasto Mania tayoyi da kan direba ne kaɗai suke karo da ƙasa, kuma kai yana taɓawa wasa ya ƙare. Wannan dabara ta rage lissafi sosai.

Aikin da ya fi cin lokaci shi ne saita lambobi: nauyin babur, ƙarfin sifirin, da yadda taya take kama ƙasa. Sifirin ya yi tauri, babur ya riƙa tsalle kamar ƙwallo. Ya yi laushi, jikin ya nutse cikin tayoyi. Maganin shi ne a canza lamba ɗaya, a gwada, sannan a taɓa ta gaba.

Akwai kuma tarkon da yake kama sababbin shiga. Idan aka ɗaura lissafin motsi a kan saurin allon waya, babur zai yi gudu daban a babbar waya da ƙarama, har taya ta iya ratsa ƙasa ta wuce. Don haka ake ware wa lissafin lokaci tsayayye. Manhajar Godot tana yin sa sau 60 a kowace daƙiƙa idan ba a canza saitin ba.

Yau mai koyo ba sai ya rubuta komai da hannunsa ba. Godot kyauta ce, tana da kayan haɗa taya da sifirin, kuma akwai wadda ake sakawa a wayar Android. Akwai kuma Box2D na Erin Catto, wanda Angry Birds ya yi amfani da shi. Mai son ganin cikakken misali zai iya duba X-Moto, gem ɗin babur da kod ɗinsa yake a buɗe ga kowa.

Matakin farko bai wuce da'ira biyu da akwati ɗaya a kan layi mai tudu ba. Idan tuƙa wannan ya yi daɗi, sai a zo maganar zane da sauti. Idan bai yi ba, fenti ba zai gyara shi ba.