Damina Da Wutar Ko-ta-kwana: Ina Aka Kwana Game Da Injunan Janareta A Ƙasar Katagum?

Duk wanda ya taɓa yin damina a Azare ya san yadda hadarin farko yake zuwa. Daga ƙarshen watan Mayu zuwa Yuni, iska mai ƙarfi ita ce ke riga ruwa isowa, ta taso da ƙura daga gabas, ta yaye kwanon rufi, ta karya rassan itatuwa, ta kayar da turakun wutar lantarki. Sau da yawa kafin ɗigon farko ya taɓa ƙasa gari ya riga ya yi duhu. Ga mai gida wannan ɓacin rai ne na dare ɗaya. To, amma ga ɗakin tiyata, da ma'ajiyar jini, da firjin allurar rigakafi, da injin tura ruwan sha, da hasumiyar wayar salula, magana ce ta rai da dukiya.

Azare ita ce hedkwatar masarautar Katagum, kuma cibiyar ciniki ta arewacin Jihar Bauchi. A nan babban asibitin Gwamnatin Tarayya yake, wanda aka daɗe ana kira FMC, inda ake kawo marasa lafiya daga Zaki, da Gamawa, da Shira, da Giade, da Jama'are, har ma da maƙwabtan garuruwa na jihohin Yobe da Jigawa. Kamfanin rarraba wuta na Jos, wanda ya gaji aikin tsohuwar hukumar NEPA a wannan shiyya tun shekarar 2013, shi ke raba wa jama'a wuta ta dogayen layuka masu ratsa daji da fadamu. Turke guda ya faɗi a tsakiyar fadama cikin watan Agusta, isa gare shi ma aiki ne, balle gyara.

Saboda haka da wuya a sami wata muhimmiyar ma'aikata da ba ta da injin janareta. Sai dai mallakar inji daban, samun wuta daga gare shi ranar da ake bukata kuma daban. Makanikai sun san cewa abin da ya fi hana inji tashi ba wata babbar ɓarna ba ce, batir ne da ya mutu ba wanda ya lura. Na biyunsa shi ne man gas da ya daɗe a tanki. A lokacin damina laima kan shiga tankin da ba a cika ba, ta zama ruwa ta kwanta a ƙasa. Idan aka tayar da inji sai ya zuƙi ruwa da dauɗa, matatar mai ta toshe, ya yi tari ya mutu bayan 'yan mintoci. Akwai kuma na'urar da ke juya layi daga wutar gwamnati zuwa ta inji, wadda idan ta maƙale, injin yana ruri amma ɗakin haihuwa yana cikin duhu.

Wurin da aka girke injin shi ma abin dubawa ne, kuma a nan ne manyan ƙasashe suka sha darasi mai ɗaci. A shekarar 2012, lokacin da mahaukaciyar guguwar nan da aka laƙaba wa suna Sandy ta afka wa birnin New York na Amurka, asibitin Bellevue yana da injuna lafiyayyu a hawa na 13. Amma famfunan da ke tura musu mai suna can ƙarƙashin gini, ruwa kuwa ya shanye su. Ma'aikata da sojoji suka yi layi a kan matakala suna miƙa wa juna mai, daga bisani dai aka kwashe majinyata sama da 700. Ba sai an je Amurka ba ma. A watan Satumba na 2024, da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya malale Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri ya lalata kayan aiki masu tsadar gaske. Garin Katagum da ƙauyukan Zaki da Gamawa, waɗanda ambaliyar 2022 ta yi wa ɓarna, suna cikin kwarin kogin Jama'are ne. Injin da aka ajiye a kan daɓe daidai da ƙasa a irin wannan wuri, an ajiye shi ne a kan hanyar ruwa.

Sai batun mai, wanda shi ne ainihin inda lissafi yake. Injin da ƙarfinsa ya kai kVA 100 yakan sha kimanin lita 20 a kowace awa idan an ɗora masa cikakken nauyi. A Amurka, ana son manyan asibitoci su yi shirin da zai riƙe su awa 96, wato kwana huɗu, ba tare da agaji daga waje ba. Idan aka bi wannan ma'auni, ƙaramin injin nan kaɗai yana bukatar abin da ya tasam ma lita 2,000. Man gas da ake sayarwa ƙasa da Naira 300 a 2021 ya haura Naira 1,000 a 2024. Ke nan ana maganar kuɗi wajen Naira miliyan 2 da za a zuba a tanki a rufe. Ba abin mamaki ba ne idan ma'aji ya ga kamar an binne kuɗi ne, ya gwammace a riƙa saye kaɗan-kaɗan.

Wannan dabara tana aiki ne muddin hanya tana buɗe. A watan Agusta na 2024 ambaliya ta yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a cikin ƙaramar hukumar Katagum, motoci suka koma zagaye. Watanni biyu bayan haka, a watan Oktoba, lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta Arewa ta jefa yawancin jihohin yankin cikin duhu fiye da mako guda. Allah ya kiyaye abubuwan biyu ba su zo rana ɗaya ba. Da sun haɗu, da an ga bambanci tsakanin mai tanadi da mai jiran tankar gobe.

A ɗaya gefen lissafin kuwa akwai asara. Yawancin alluran rigakafi ana ajiye su ne tsakanin digiri 2 zuwa 8 na ma'aunin Salshiyos, jini kuma tsakanin 2 zuwa 6. Idan sanyi ya yanke na tsawon lokaci, ba gyara sai zubarwa, kuma watannin Agusta da Satumba su ne lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya fi kwantar da yara masu bukatar ƙarin jini. Firji masu aiki da hasken rana da aka raba wa ƙananan asibitoci da dama sun rage wannan fargaba ƙwarai, ko da yake ba su ɗaukar nauyin ɗakin tiyata ko na'urar ɗaukar hoto.

Aikin da ake bukata ba boyayye ba ne, kuma yawancinsa bai kai kuɗin mai tsada ba. Ƙa'idar da ake bi a ƙasashe da yawa ita ce a tayar da inji kowane wata na aƙalla minti 30 tare da ɗora masa nauyi, domin injin da ake tayarwa fanko yakan ɓoye cutarsa. Kafin ruwan farko a sauya baƙin mai da matatu, a tsiyaye ruwan ƙasan tanki, a auna batir, a ɗaga inji da tankinsa a kan dakali, a kuma ware layin ɗakunan da ba sa jure duhu daga na ofisoshi. Hukumar hasashen yanayi ta NiMet da hukumar NIHSA mai lura da koguna sukan fitar da hasashensu tun kafin damina ta kankama, saboda haka watannin Maris da Afrilu sun ishi kowace ma'aikata ta nemi kuɗin gyara. Abin da aka fi mantawa da shi shi ne mutum: wane ne ke riƙe da makullin ɗakin inji da ƙarfe biyun dare, kuma a wace unguwa yake kwana?