Shin Ko Kun San? Dokokin Lafiya da Haƙƙin Talaka

Shin ko kun san a Abuja shugabannin Afirka suka taru a watan Afrilun 2001, suka yi alkawarin ware aƙalla kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu ga kiwon lafiya? Alkawari kaya ne, amma har yau gwamnatin tarayyar Najeriya, mai masaukin baƙi, ba ta sauke shi ba, a mulkin PDP ko na APC.

Shin ko kun san dokar inshorar lafiya ta NHIS ta fito tun 1999, a ƙarshen mulkin Janar Abdulsalami Abubakar, amma sai 2005 Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shirin? Galibi ma'aikatan gwamnatin tarayya ne suka ci moriyarsa. A watan Mayun 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar NHIA, wadda ta wajabta inshorar ga kowa, ta kuma tanadi asusu na musamman domin marasa ƙarfi.

Shin ko kun san Dokar Lafiya ta Ƙasa ta shafe kusan shekara goma ana kai-komo da ita kafin Shugaba Jonathan ya sa mata hannu a 2014? Ta umarci a ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko. Kuɗin bai shiga kasafi ba sai 2018, lokacin da majalisa ta sanya kimanin naira biliyan 55.

Shin ko kun san sashe na 20 na wannan doka ya haramta wa asibiti ƙin karɓar mai neman agajin gaggawa, kowane irin dalili ne? Ma'aikacin da ya ce "sai an ajiye kuɗi kafin a taɓa shi" na iya fuskantar tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida.

Shin ko kun san tun 2017 doka ta tilasta wa asibitoci, na gwamnati da masu zaman kansu, su duba wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba? A fara ceton rai, sannan a sanar da hukuma.

Shin ko kun san kundin tsarin mulkin 1999 ya ambaci samar da kiwon lafiya ga kowa a Babi na Biyu, amma sashe na 6 ya hana kotu tilasta wa gwamnati cika abin da ke babin? Shi ya sa waɗannan dokoki ne makamin da ke hannun talaka.

Don haka, jama'a, idan 'yan takara suka zo neman ƙuri'a, kowace jam'iyya suka fito, ku tambaye su: nawa aka ware wa asibitin mazaɓarmu, nawa kuma ya iso?