Gregory Hines da Farfaɗo da Rawar Tap a Amurka

Manufar wannan maƙala ita ce a nuna yadda mutum guda ya yi amfani da fim da talabijin wajen ceto wata al'ada da ta kusa ɓacewa. Mutumin kuwa shi ne Gregory Hines, baƙar fata ɗan Amurka, gwanin rawa da wasan kwaikwayo.

Rawar tap ita ce wadda ake yi da takalmi mai ƙarfe a goshi da dunduniya, ta yadda ƙafar mai rawa ce ke fitar da kiɗa. Asalinta cuɗanya ce tsakanin rawar bayin da aka kwaso daga Afirka da ta mutanen Ailan. Ba daga littafi ake koyonta ba, sai ta kallon manya da kwaikwayonsu. Saboda haka, da kasuwarta ta ja baya bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai aka shiga fargabar za ta bi tsofaffin gwanayenta kabari.

An haifi Hines a birnin New York a shekarar 1946. Tun yana yaro ya fara rawa tare da wansa Maurice, suna kallon manyan gwanaye a gidan wasa na Apollo da ke unguwar Harlem. Da ya yi suna a fina-finai irin su The Cotton Club a 1984 da White Nights a 1985, bai manta da waɗannan malamai ba. A fim ɗin Tap na 1989 ya yi rawa tare da dattawa kamar Sammy Davis Jr. da Sandman Sims, da kuma yaro Savion Glover, wato tsara uku a fage ɗaya. A shekarar ce gwamnatin Amurka ta keɓe 25 ga Mayu ta zama ranar wannan rawa, domin tunawa da haihuwar Bill Robinson, wanda Hines ya fito a matsayinsa a fim ɗin talabijin mai suna Bojangles a 2001.

Hines ya rasu a 2003 yana da shekara 57, sakamakon ciwon dajin hanta. Glover, wanda ya taso a hannunsa, shi ya ci gaba da jan ragamar rawar. Darasin da manazarta al'adu za su ɗauka shi ne, fasahar da ake gado ta hanyar kallo tana bukatar wanda zai haɗa dattawa da yara tun dattawan suna raye.